Shigar Halowin cikin sa'a uku: yadda za ka haɗa kaya ka shiga faretin New York

Ƙarfe biyu na rana ta yi, ranar 31 ga Oktoba, abokan aiki ko 'yan ajinku sun kafe sai ka bi su faretin Halowin, bikin da ake yin shigar ban tsoro ko ta ban dariya, na unguwar Greenwich Village, kai kuwa ko hular bikin ba ka tanada ba. Kantunan da ke buɗewa don wannan lokaci kaɗai, irin su Spirit Halloween, an wawashe su tun shekaranjiya. Abin da ya rage sai rigar da ta yi maka kaɗan, ko wata fuskar roba mai wari da kuɗinta ya ninka amfaninta. Kada ka ɓata sa'a guda a layin biyan kuɗi. Abin da ke cikin ɗakinka, da 'yan tarkacen dala goma daga kantin kayan arha na bakin layi, sun ishe ka.

Kafin a ɗauki almakashi, akwai maganar da ba a tsallakewa. Bikin nan ya samo asali ne daga al'adar mutanen Ailan na da, waɗanda suke ganin daren ƙarshen Oktoba shi ne iyakar kaka da hunturu, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar tunawa da tsarkaka da coci ke yi a 1 ga Nuwamba. 'Yan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro ne suka ƙarfafa shi a Amurka. Saboda wannan asali, malaman Musulunci da yawa suna hana shiga cikinsa, akwai kuma majami'un da ba sa yarda da shi. Wasu iyaye a Bronx da Harlem ko makaranta ba sa tura yara ranar. Wasu kuma suna kallonsa a matsayin wasan unguwa kawai, kusan yadda yaranmu ke manna gemun auduga su zaga gida-gida da tashe a watan azumi. Wannan hukunci tsakaninka ne da malaminka da zuciyarka. Bayanin da ke tafe na wanda ya riga ya yanke shawarar fita ne.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓi shiga

Yawancin masu shirin gaggawa suna tunanin hoto ne: yaya zan fito a waya? Hoto minti ɗaya ne, daren kuwa sa'a huɗu ko biyar ne a tsaye, cikin sanyi, kafaɗa da kafaɗa da dubban mutane. Shigar da za ka iya tafiya da ita, ka hau matakalar tashar jirgin ƙasa, ka shiga banɗaki ka fito ba tare da an taimake ka ba, ita ce shiga mai kyau, ko da ta kwali ce.

Ƙarshen Oktoba a New York, da dare sanyi yakan sauko zuwa digiri goma a ma'aunin Selsiyos ko ƙasa da haka, iska kuma tana bin dogayen titunan nan kai tsaye. A 2011 har ƙanƙara ta zuba kwana biyu kafin bikin. Don haka daga ciki ake fara shiri: dogon wando mai kama jiki, riga mai dogon hannu, safa mai kauri. Sannan a gina shigar a kan rigar sanyi, kada a ce za a ɗora rigar sanyi a kanta, don in ka yi haka ka rufe duk wahalar da ka sha. Takalmi kuwa kambas ɗin da ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi ko mai tsini, bar shi a gida.

Sai kuma abu na biyu: mutum ya gane ko mene ne kai daga nesa, cikin duhu, da kallo ɗaya. Abu guda babba ya fi ƙanana goma. Kunne biyu da jela sun mai da kai kyanwa. Kambi mai tsini bakwai ya mai da ke gunkin Liberty, macen nan mai ɗaga tocila a bakin tekun New York. In sai ka tsaya kana yi wa mutane bayanin abin da ka zama, aikin bai yi ba.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi, salatif mai faɗi fari da baƙi, fil mai kulle guda goma sha biyu ko fiye, kwalin da aka kawo saƙo a ciki, alƙalamin maka baƙi, zare mai ƙarfi, tsohuwar jarida. Gam mai ruwa ba ya bushewa a kan lokaci, kada ka dogara da shi yau. Fil da salatif su ne abokan mai sauri.

Ƙwarangwal

Wannan ce ta fi sauƙi, kuma ta fi dacewa da faretin, don manyan ƙwarangwal ɗin da ake ɗagawa da sanduna suna cikin abubuwan da aka san shi da su. Nemi baƙar riga da baƙin wando. Kada ka manna salatif alhali kayan suna shimfiɗe a gado, don da ka saka su yadin zai miƙe, salatif ya ɓalle. Saka su a jikinka, ka tsaya gaban madubi, ko ka sa wani ya manna maka.

Fara da layi ɗaya a tsaye daga ƙasan wuya zuwa saman ciki. Daga kowane gefe ka fitar da haƙarƙari biyar ko shida, na sama gajeru, na tsakiya dogaye, kowanne ya ɗan karkata ƙasa yayin da ya nufi hamata. In faɗin salatif ya yi yawa, tsaga shi biyu a tsaye. A hannu, layi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ka bar tazarar yatsa biyu a gaɓa, sannan layi biyu sirara zuwa wuyan hannu. Haka ƙafa. Tazarar nan ta gaɓa ita ce sirrin abin: tana ba ka damar lanƙwasa hannu, kuma ita ke sa ido ya ga ƙashi maimakon zane. Kada a manta da baya, don rabin masu kallo bayanka za su gani: guntaye-guntaye a jere daga wuya zuwa ƙugu sun wadatar. Minti talatin an gama.

Gizo

In kana son abin da ke da alaƙa da gida ba tare da ka taɓa suturar mutunci ba, ga Gizo na tatsuniya. Ƙafa takwas ake bukata: hannunka biyu, ƙafarka biyu, saura huɗu. Samo baƙar doguwar safa ƙafa huɗu, ko siririn wandon mata mai kama jiki guda biyu. Cusa musu jarida da aka murtsuke, kada a danna ta da ƙarfi, don nauyi zai ja rigar ƙasa. Ɗaure bakin kowacce, ka maƙala biyu a kowane gefen riga, tsakanin hamata da ƙugu, da fil biyu-biyu, ta cikin rigar.

Yanzu sai abin da ke ba shi rai. Yanko zare, ka ɗaura shi a ƙarshen ƙafar ƙasa, ka haura da shi ka ɗaura a ta sama, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya, sannan ka kai shi wuyan hannunka. Duk sanda ka ɗaga hannu, ƙafafun za su tashi tare. In ka sauke, su kwanta a jikinka, ka wuce ta ƙofar tasha ba tare da ka tsokane wa kowa ido ba. Idanu kuma, yanka farar takarda zagaye guda shida, ka ɗiga baƙi a tsakiya, ka manna a baƙar hular sanyi. Mata da miji na iya fita a Gizo da Ƙoƙi: uwargida ta sa kore daga sama har ƙasa, da 'yan ƙahoni biyu na waya a kan ɗankwali. Ba'amurke zai ga gizo-gizo da ƙwaro, Bahaushen da kuka yi karo da shi a hanya kuwa sai ya riƙe ciki don dariya. Af, in kun kai daidai titi na 10, ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar agogon ɗakin karatu na Jefferson Market, inda aka saba sauko da wani ƙaton gizo-gizo a daren faretin.

Gunkin Liberty, da sauran masu sauƙi

Ga mace mai son ta fita a rufe ruf, wannan ta fi kowacce. Zanin gado ko babban mayafi kore mai haske, a yafa shi ta kafaɗar hagu, a zagayo ta ƙarƙashin hannun dama, a kama da fil. Tsawonsa ya tsaya a idon sawu, kada ya ja ƙasa, don a cikin taro wani zai taka. Hijabi kore ko fari ya zauna daidai. Kambin kuwa, yanko kwali mai faɗin yatsa huɗu wanda zai zagaye kai, a yanka tsini bakwai a manna, a shafe da koren maka ko a naɗe da koriyar takarda. Tocila a hannun dama, an naɗe bakinta da takarda ruwan ɗorawa. A hannun hagu guntun kwali a matsayin allo, a rubuta 4 ga Yuli 1776. Tocilar za ta yi miki amfani na gaske a hanyar komawa.

Kyanwa ba ta bukatar dogon bayani: kunne biyu na kwali a jikin abin kama gashi, safa ɗaya da aka cusa wa jarida a maƙala a bayan wando, layi uku a kowane kunci. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. A daren nan maganar ba karin magana ba ce, jelar ce za ka gani da idonka. Mai rigar ƙwallo ta Super Eagles ko Black Stars ko Mena, ya haɗa da gajeren wando a kan dogo, da doguwar safa, ya gama. Mai aikin gini da ke da hular kwano da riga mai ƙyalli, kayan aikinsa ma shiga ce, kuma direbobi za su gan shi da kyau.

Mutum-mutumin kwali yana burge yara, amma ni ba na ba da shawararsa ga mai zuwa babban fareti. Ba ka iya zama a jirgi, ba ka ganin ƙafarka a matakala, in ruwa ya sauko kuma ka zama jiƙaƙƙen kwali. In dai sai shi, to kwalin kada ya fi faɗin kafaɗarka, ramin hannu ya zama babba, kan kuma a bar shi a buɗe.

Abin da ba a sakawa

Nan ne baƙo ya fi shiga matsala, don abin da ba komai ba ne a wurinmu yana iya zama babban zagi a ƙasar nan.

Farin zanin gado da ramin ido biyu shi ne shigar fatalwa da kowa ya sani. Amma farin mayafi mai tsinin kai shi ne tufar Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta shafe shekaru tana kashe baƙar fata a Amurka. In kusurwar zanin ta tsaya a tsakar kanka, cikin duhu ba wanda zai tsaya tambayar niyyarka. Ko dai tsakiyar zanin ta zauna a kai ya yi zagaye sumul, ko ka ɗauki mai furanni, ko ka haƙura da fatalwar. Ni ta ukun zan zaɓa, don ramin idon yana zamewa, ka riƙa tafiya a makance.

Bindigar wasa mai kama da ta gaske haramun ce a dokar birnin New York. Wadda aka yarda da ita sai mai launi mai ɗaukar ido. Ko mai launin ce, baƙar fata da abu mai siffar bindiga a hannu, da dare, a gaban ɗaruruwan 'yan sanda, ba wasan da za a yi ba ne. Haka wuƙa, adda, takobin ƙarfe. A ranar Halowin ta 2017 wani ya bi hanyar masu keke da mota a gefen kogin Hudson ya kashe mutum takwas, 'yan sa'o'i kafin faretin. An yi faretin duk da haka, amma jami'an tsaro ba sa ɗaukar daren da wasa. Kayan ɗan sanda masu kama da na gaske, da bajo, su ma a bar su.

Hular gashin tsuntsu ta 'yan asalin Amurka, da tufar limamin coci ko ta malamin Yahudawa, da shafa wa fuska launi don kwaikwayon fatar wata ƙabila, duk suna jawo faɗa. Wannan ya kawo mu kan namu. Wani zai ce maka, ai kana da babbar riga da hula, ka saka mana, ka fito a sarkin Afirka. Ra'ayina shi ne kada ka yi. Rigar da kake zuwa Idi da ita, rawanin da ake naɗa wa mai sarauta, ba kayan dodo ba ne. In ka sa su a daren da kowa ya sa abin dariya, ka koya wa maƙwabcinka cewa su ma abin dariya ne. Naɗe jiki da farin bandeji kuwa, a idon Ba'amurke gawar Misira ce ta da, a idon gyatumarka da za ta ga hoton a WhatsApp likkafani ne. Ka san wayar da za ta biyo baya.

Fuska

Fentin fuska na ruwa ana samunsa a kantunan magani irin su CVS da Duane Reade har ranar bikin. Shafa kaɗan a cikin hannu, ka jira ko da rabin sa'a ne, ka ga ko zai yi ƙaiƙayi. Fentin bango, maka, da fentin zane na makaranta ba na fata ba ne. Jagira da jan baki da hoda sun isa su fitar da gashin bakin kyanwa ko haƙoran ƙwarangwal. A fata mai duhu, farin fenti yakan fito toka-toka a shafa ta farko. Bari ya bushe, ka ƙara ta biyu, ka danna hoda a kai don kada ya bi gumi.

Kwallin gargajiya da aka ƙullo daga gida, kada a zana wa yaro fuska da shi. Hukumomin lafiya na Amurka sun taɓa gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston a 2011, aka bi sawu aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Gilashin nan mai launi da ake mannawa a ƙwayar ido shi ma doka ta hana sayar da shi ba da takardar likitan ido ba, duk da za ka gan shi a wasu kantuna. Yana iya ƙuje ido ya sa masa ciwo.

Ga mai salla akwai lissafin lokaci. A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa a New York wajen shida saura 'yan mintoci, faretin kuma yana tashi ƙarfe bakwai. Fenti mai kauri yana hana ruwa taɓa fata. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka gama haɗa kaya tun la'asar, ka yi magariba, sannan ka zana fuska cikin minti goma ka fita; isha ta same ka a gida bayan ka wanke. In ba ka son wannan ɗawainiya, yanka abin rufe rabin fuska da kwali, ka sa masa roba. Ramin idon ya yi faɗi sosai, yadda za ka ga gefe da gefe, kuma ka tura shi goshi duk sanda za ka tsallaka titi ko sauka matakala.

Hanya

Ɗauki kaɗan: waya cike da caji, ƙaramin batirin caji, katin shaida, katin banki, 'yan daloli a hannu, gorar ruwa ƙarama. Duka a aljihun gaba ko jakar da ake ratayawa a ƙirji. Babbar jakar goyo tana jawo bincike, tana kuma tokare mutane. Ci abinci ka shiga banɗaki kafin ka bar gida, don gidajen abincin da ke kan hanyar faretin yawanci ba sa barin wanda bai sayi komai ba ya shiga, layin kuma ya kai waje.

Mota ba ta da amfani, an rufe tituna. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne hanya, kuɗinsa wajen dala uku, kana iya taɓa katin banki ko waya a ƙofa. Daga Bronx, jirgin D yana kai ka West 4th Street, tsakiyar hanyar faretin. Daga Harlem, A ko C suna tsayawa a Canal Street, daidai inda masu shiga ke taruwa. Jirgi mai lamba 1 ma yana da tasha a Canal da Houston, ta yamma kaɗan.

Shiga ko kallo

Faretin ya faro ne a farkon shekarun 1970, lokacin da wani mai sana'ar ƙera fuskoki da 'yan tsana, Ralph Lee, ya riƙa zagaya unguwa da yaransa da na maƙwabta. Yau masu shirya shi suna cewa masu shiga sun kai dubu 50, 'yan kallo kuma wajen miliyan biyu. Sau biyu aka fasa shi: a 2012 saboda guguwar Sandy, da 2020 saboda korona. Yana bin Sixth Avenue ne daga Canal Street ya nufi arewa har titi na 15, tafiyar kusan kilomita biyu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shiga cikin faretin kyauta ce ga duk wanda ya yi shiga, kuma ta fi kallo daɗi nesa ba kusa ba. Ɗan kallo yana matse a bayan shingen ƙarfe, layi biyar ko shida, yana leƙe ta saman kawuna. Mai shiga yana tsakiyar titi da sarari, makaɗa a gabansa, manyan 'yan tsana a bayansa. Wahalar ɗaya ce: jira. Ana tara mutane a wajen Canal daga misalin shida da rabi, a riƙa sakinsu rukuni-rukuni tsakanin motocin ado da 'yan kiɗa, kana iya tsayuwar sa'a guda kafin a buɗe muku. Wanda ya iso wajen takwas yakan tarar layin ya ragu. Ƙofar shiga tana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka duba shafin intanet na masu shirya faretin da rana, kuma ka bi inda 'yan sanda suka nuna. Ba a tsallaka shinge a shiga daga tsakiya, za a mai da kai.

In kallo ka zaɓa, ka isa kafin shida. Tsakanin Bleecker da titi na 14 ne aka fi cika. Sannan ka yi wannan lissafi tun kana cikin jirgi: ta wane gefen Sixth Avenue jirgin komawarka yake? Da zarar an fara, tsallaka titin sai a 'yan wuraren da 'yan sanda suka ware, kuma jiran yana da tsawo. Mai komawa da 4 ko 5 ko 6 ya tsaya ta gabas, mai komawa da 1 ko 2 ko 3 ya tsaya ta yamma.

Za ka ga abin da ido bai saba ba: masu shigar da ta kusa zama tsirara, da waɗanda suka sha suka yi tatul, ko da yake shan giya a titi laifi ne a birnin. Kau da kai ka wuce. Kafin ka ɗauki mutum hoto kusa, tambaye shi, yawanci da murna za su tsaya. Kada ka taɓa kayan kowa ko jikinsa, kada kuma ka karɓi abin sha daga hannun wanda ba ka sani ba.

Cunkoso

A daren 29 ga Oktoba 2022, a unguwar Itaewon ta birnin Seoul a Koriya ta Kudu, matasa masu bikin Halowin suka cushe a wani lungu mai gangara wanda faɗinsa bai wuce mita huɗu ba. Mutum 159 suka rasu, yawancinsu a tsaye numfashi ya gagare su saboda matsi. Ba gudu aka yi ba, ba harbi aka yi ba, mutane ne kawai suka yi yawa a wuri ƙarami. Titin New York yana da faɗi kuma ana tsara shi da shinge, amma bakin tashoshi da kusurwoyin da shinge ya haɗu da bango suna matsewa sosai.

Alamar farko ita ce ka ji ana taɓa ka ta kowane gefe, ba ka iya ɗaga hannu ka sosa fuska. Ta biyu, taron ya riƙa kai ka inda ba ka yi niyya ba. Da ka ji ta farko, fara neman fita, kada ka jira ta biyu. Ɗaga hannuwanka ka dunƙule su a gaban ƙirji don haƙarƙarinka ya sami wurin buɗewa. Kada ka yi gaba da gaba da taron. Bi shi, kana karkata kaɗan-kaɗan zuwa gefe duk sanda aka sami sassauci. Nisanci bango da shinge. In waya ko kambi ko ƙafar Gizo ta faɗi, ta tafi ke nan, kada ka sunkuya. In wani ya faɗi kusa da kai, ɗaga shi nan take. Lambar gaggawa 911.

Sabis ɗin waya yakan yi rauni a irin wannan taro, don haka ku tsai da wurin haɗuwa tun kafin ku rabu, kuma ya zama nesa da hanyar faretin da layi biyu ko uku: kusurwa takamaimai, da lokaci takamaimai. "Mu haɗu a tasha" ba magana ba ce, West 4th kaɗai tana da ƙofofi da yawa, wasu ma akan rufe su a daren.

In da yara

Babban faretin ba na ƙananan yara ba ne: dare ne, sanyi, tsayuwa, da abubuwan da za su sa ka sha tambayoyi. Akwai na yara da rana a dandalin Washington Square, akwai na unguwa a Jackson Heights da ke Queens da Park Slope da ke Brooklyn. A yawancin unguwannin birnin, yara kanti-kanti suke bi da 'yan bokitansu daga tashi makaranta zuwa magariba, masu kanti suna miƙa alewa. A dogayen gidaje akan liƙa takarda a ƙasa, mai son a buga masa ƙofa ya rubuta lambar ɗakinsa. Wanda bai rubuta ba, a ƙyale shi. A unguwannin gidajen ƙasa kuwa, fitilar ƙofa a kunne ita ce alamar maraba.

Haɗarin da ya fi kowanne a daren ga yaro mota ce. Wani bincike da ya duba alƙaluman Amurka na shekara 42 ya nuna mutuwar masu tafiya a ƙasa tana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a yammacin Halowin, abin ya fi tsanani ga 'yan shekara huɗu zuwa takwas. Manna wa yaro salatif mai ƙyalli a baya da hannu, ba shi tocila, rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu. Rigarsa kada ta ja ƙasa, kuma ya nisanci kabewar da aka kunna wa kyandir a bakin ƙofa, don yadin roba da auduga suna kama wuta nan da nan.

Alewa kuma a hana ci sai an dawo gida. Zazzage ta a faranti, a zubar da duk wadda ledarta ta buɗe. Masu taushi da ake taunawa, da farar nan mai laushi da ake gasawa, da yawansu akwai gelatin a ciki, wanda a Amurka galibi daga alade ake samunsa, sai a karanta bayan leda. Cakulan zalla ya fi sauƙin sha'ani, sai dai a kula da gyaɗa in yaro ba ya jituwa da ita.

Komawa gida

Faretin yana kaiwa wajen sha ɗaya na dare, amma ba dole ka ga ƙarshensa ba. Wanda ya shiga, da ya kai titi na 15 za a karkatar da shi gefe. Kada ka tsaya nan neman abokai, nan ne kowa ke tsayawa. Tashoshin titi na 14 da West 4th suna cika maƙil, gara ka taka zuwa titi na 23, ko Union Square in gabas ka nufa, ka hau jirgi cikin natsuwa. Cire abin rufe fuska kafin ka shiga tasha, ka naɗe ƙafafun Gizo ka rungume su don kada ƙofar jirgi ta kama. A gida, fentin ruwa yana fita da sabulu da ruwan ɗumi. Mai maiƙo sai ka fara shafa man zaitun ko man kaɗanya, ka goge da tsumma, sannan ka wanke. Salatif kuma a ɓare shi daga riga a daren, don in ya kwana biyu danƙonsa yana kama yadi.